Daga ina arahar kanti take fitowa, kuma a ina ya kamata mutumin Sakkwato ya yi cefane?

Wani malamin sakandare da ke zaune a Mabera ya aiko mini da tambaya mai rassa biyu. Ya ce ƙanensa da ke karatu a Birmingham ta Ingila ya shaida masa cewa ya daina zuwa babban kantin Tesco, ya koma yin cefane a wasu kantuna masu rahusa da ake kira Aldi da Lidl, kuma kuɗin abincinsa ya ragu sosai. Shi kuwa Malam hankalinsa bai kwanta ba, domin ya taso yana jin ana cewa araha ba ta ado, yana tsoron kada yaron ya riƙa cin abin da zai cuce shi. Reshe na biyu na gida ne: shi da albashi ba ya kai shi ƙarshen wata, a ina ya fi masa ya yi cefane a nan Sakkwato, manyan kantunan zamani masu sanyi ko shaguna da kasuwa?

Malam, na ji daɗin tambayar nan, don ta taɓo sana'ar da na ƙare ƙuruciyata a ciki. Da yaron shago na fara a Tsohuwar Kasuwa, ina sauke katan ina jera kanta. Daga baya na yi shekaru ina saro wa wani babban kanti kaya daga Kano da Legas, kuma Allah Ya sa na taɓa zuwa Ingila na shiga waɗannan kantunan da ƙafata. Game da yaron, ka kwantar da hankalinka. Arahar Aldi daga ɗawainiyar kantin aka ciro ta, abin da ke cikin gwangwani yana nan yadda doka ta ce ya kasance.

Ɗauki gwangwanin tumatir guda ka dube shi. Kuɗin da ka biya ba na tumatir ba ne kaɗai. A ciki akwai kuɗin motar da ta kawo shi, da na 'yan dako, da hayar gini, da wuta, da albashin ma'aikata, da na mai gadi, da asarar abin da ɓera ya huda ko ya lalace a sito ko wani ya soke a aljihu, har da tallar da ka ji a rediyo. Duk fitilar da ka gani tana ci a kanti, mai saye ke biyan ta. Ita kuwa ribar kayan abinci siririya ce ƙwarai. Manyan kantunan Ingila, in an cire komai, abin da ke saura musu bai cika wuce fam biyu zuwa huɗu a cikin ɗari ba. Saboda haka wanda yake son ya sayar ƙasa da maƙwabcinsa, kuma ya ɗore a haka, ba shi da abin yankewa a ribar. Dole ɗawainiya zai datse.

Abin da wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa, Karl da Theo Albrecht, suka gane ke nan. A 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suka karɓi ɗan shagon mahaifiyarsu a garin Essen, a lokacin da mutane ba su da kuɗi kuma kaya ba su da yawa. A farkon shekarun 1960 suka raba kasuwancin gida biyu, na arewa da na kudu, kuma a 1962 aka fara amfani da sunan Aldi, wanda aka haɗa daga farkon sunan gidansu da farkon kalmar rangwame ta Jamusanci. Lidl ma na Jamus ne, ya buɗe kantinsa na farko a 1973. Aldi ya shiga Ingila a 1990, kuma reshensa na farko a wannan Birmingham ɗin da ƙanenka yake aka buɗe shi. Lidl ya biyo baya a 1994.

Babban sirrinsu, wanda ya fi duk sauran nauyi, shi ne ƙarancin nau'in kaya. Babban reshen Tesco yana ɗauke da kaya iri dabam-dabam fiye da 25,000. Reshen Aldi kuwa bai cika kai iri 2,000 ba. In kana neman man girki a Tesco za ka tarar da kanta guda cike da kamfanoni da girma-girma. A Aldi biyu ko uku ne, ka ɗauka ka wuce. Wanda bai yi kasuwanci ba zai ɗauka wannan nakasu ne. Mu da muka riƙe littafin sito mun san nan kuɗi yake. In na je wurin kamfanin taliya na ce ina son katan hamsin, farashin kowa za a ba ni. In na ce katan ɗari biyar nake so duk mako, kuma ba zan ajiye taliyar kowa ba sai tasu, manaja da kansa zai fito ya ba ni kujera. Mai kanti da ya raba jarinsa kan taliya iri goma ya zama ƙaramin mai saye a wuri goma. Wanda ya tattara shi kan iri ɗaya ya zama babban mai saye a wuri ɗaya, shi ke faɗin farashi.

Sannan akwai maganar kwantai, wadda ita ce ciwon da ke cin mai kanti a ɓoye. Lokacin da nake sayo wa kantin nan kaya, maigidan yana son duk wanda ya shigo ya ga babu abin da babu. Muka jera kwalaben jam kala shida, da biskit na waje, da wasu miyar kwalba da ko sunansu mutanenmu ba su sani ba. Bayan wata takwas na hau tsani da tsumma ina goge musu ƙura, ina juya kwalba ina duba wa'adi. Sama da rabinsu a shara suka ƙare. Wannan asarar ba ta tsaya a aljihun maigida ba, an watsa ta kan sukari da madara da sabulu, kayan da ke tafiya kullum, ana ɗora naira ashirin nan, hamsin can. Wato mai sayen sukari shi ya biya kuɗin jam ɗin da bai taɓa ɗanɗanawa ba. Aldi ya ƙi ajiye abin da ba ya tafiya, don haka kwastomansa ba ya biyan wannan harajin. Wani tsohon dila a kasuwa ya taɓa faɗa mini da bakinsa na Basakkwace: "Yaro, kayan da ba su tahiya, kai aka tahiya da kai." Sai da na hau tsanin nan na fahimci maganarsa.

Abu na biyu, kusan kashi 90 cikin 100 na kayan Aldi tambarinsa ne a jiki. Ba shi ke da masana'antun yawancinsu ba. Yakan ba wata masana'anta kwangila ta yi masa, ya sa sunan da ya ga dama. Da haka kuɗin talla ya fita, da kuɗin sunan kamfani, da rabon dilolin tsakani. Dokar tsaftar abinci a Ingila ɗaya ce ga kowa, mai duba Tesco shi ke duba Aldi. A kan madara, ƙwai, fulawa, sukari, gishiri, shinkafa da taliya, da wuya yaron ya ji wani bambanci. Inda bambanci kan fito shi ne kayan da aka sarrafa, irin cakulan, miyar kwalba da garin shayi, domin haɗin kowa daban ne. Wani ya fi na babban kamfani daɗi, wani bai kai ba. Wannan kuwa harshe ke rabawa, babu ruwan lafiya a ciki.

Sauran dabarun sai ka shiga za ka gani. Ranar da na fara zuwa, na tarar keken zuba kaya a sarƙafe da ɗan'uwansa. Sai ka sa tsabar fam ɗaya yake sakuwa, in ka gama ka mai da shi wurinsa ka zare kuɗinka. Da wannan 'yar tsabar sun huta da ɗaukar mai tattara kekuna a filin ajiye motoci. A ciki, kaya na zaune cikin katan ɗin da suka zo a ciki, an yage gabansa kawai an tura kan kanta, ba mai tsayawa yana jera gwangwani ɗai-ɗai kamar yadda na yi shekaru ina yi. Na ɗauki ledar taliya na juya ta, na ga an buga layukan nan da na'ura ke karantawa a gefe da gefe, dogaye, yadda duk ta inda mai karɓar kuɗi ta goga ta, na'urar za ta kama. Tana zaune, hannunta na gudu kamar mai tankaɗe. Ba ta zuba maka a leda, ledar ma sai ka saya. Ka mai da kayanka cikin keke, ka matsa kan wani dogon benci ka shirya abinka. Na ƙirga ma'aikatan da idona ya gani a kantin duka, ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma wanda ya tashi daga wurin kuɗi shi ne na gani daga baya yana jan katan.

To me babban kanti ke sayarwa da ya sa har yanzu ake cika shi? Zaɓi, da kai kaya har gida, da ɗakin magani, da kantar kayan ƙasashen waje, da samun komai a tafiya guda. Kuma ba su zauna sun naɗe hannu ba. Tesco yana da katin kwastoma tun 1995, yanzu kaya da yawa farashi biyu gare su, na mai kati da na marar kati. A 2020 ya fara daidaita farashin wasu kayansa da na Aldi yana rubutawa a jiki. Ya ma taɓa buɗe nasa kantin rahusar mai suna Jack's a 2018, ya rufe shi a 2022, a shekarar da Aldi ya ture kantin Morrisons ya zama na huɗu a girma a ƙasar. Mai babban gini da dogon layin ma'aikata ba ya iya zama mai rahusa don ya canza allon ƙofa.

Saƙona ga yaron gajere ne. Ya ci gaba da sayen kayan yau da kullum a Aldi ko Lidl. Nama ya nufi mahautan halal, ga su nan birjik a unguwannin Small Heath da Alum Rock na Birmingham, kuma a shagunan wajen zai sami babban buhun shinkafa da kayan yaji. Ya riƙa karanta bayan leda saboda jelatin (sinadarin da ake samu daga fata da ƙashi) na alade da giyar da ake sa wa wasu kayan zaƙi da miya. Wannan a kowane kanti ne, mai tsada da mai araha. A kan 'yar takardar farashi akwai ƙaramin rubutu da ke nuna kuɗin kilo ko lita, shi zai riƙa dubawa. Ya kuma kiyayi layin tsakiya na Aldi da Lidl, inda ake zuba tukwane, barguna da kayan aiki na ɗan lokaci. Nan ne abin da ya rage a cefane ke komawa hannun masu kanti.

Yanzu mu dawo gida, inda maganar ta fi shafar aljihunka. Kada ka ɗauko lissafin Ingila ka ɗora kan Sakkwato. A can kantuna suka riƙe cinikin abinci, mai rahusa kuma shi ne ƙasan farashi. A nan kasuwa ce ke riƙe da ciniki. Hatta Shoprite, da ya shigo Najeriya a 2005 ya buɗe a Kano a 2014, kamfanin Afirka ta Kudu mai shi ya sayar da harkarsa ta Najeriya a 2021, reshen Kano kuma aka rufe shi a Janairun 2024. In kana neman mai bin tsarin Aldi a garin nan, je ka Babbar Kasuwa ko Tsohuwar Kasuwa ka dubi dilan kayan masarufi. Shagonsa ba fenti, ba na'urar sanyi, kayansa ba su wuce iri talatin ba, katan a kan katan har rufi, yara biyu ko uku, tirela ta sauke yau, kafin mako ya zagayo ta ƙare. Bai taɓa jin sunan Albrecht ba, amma lissafinsu ɗaya.

Kantin zamani a Sakkwato kuwa yana ɗauke da kaya mai nauyi a ka. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, wuta ba ta tsayawa, firji da na'urar sanyi dole su ci, janareta na shan gas dare da rana. Yawancin kayan kamfani daga Legas da Ogun suke tasowa, tafiyar fiye da kilomita 1,000, wasu ma sai sun yada zango a Kasuwar Singa ta Kano, kowane hannu da ya taɓa su ya ɗora nasa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi matsayinta, kuɗin mota ya zama babban abokin farashi, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Ba na zargin masu kantunan da tsawwalawa, na san abin da suke kashewa. Amma sanyin da ke bugunka a bakin ƙofa yana cikin rasit ɗinka, don haka sai ka zaɓi kayan da suka cancanci ka biya musu kuɗin sanyi.

Gero, dawa, masara, wake da shinkafar gida ba su cancanta ba. Ƙasar noma muke, abin da aka noma a Wurno, Goronyo da Kware ba ya buƙatar ya shiga leda mai hoto kafin ya iso tukunyarka. Je ka kasuwar Kara, ko ka sa wani amintacce ya auno maka a kasuwar ƙauye irin Achida. In kana da hali, ka sayi na watanni da kaka, lokacin da sabon hatsi ya shigo, wake kuma ka zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki ko jarka mai murfi, ka toshe iska, ƙwari ba za su rayu ba, ba sai ka sa magani ba. Albasa, tumatir da tattasai ka nufi kasuwar Ramin Kura da sassafe. Nama da kifi, Kasuwar Daji. Kayan kamfani da gidanka ke ci kullum, taliya, sabulu, dunƙulen miya, sukari, man girki, ka saye su katan ko buhu wurin dila. In katan ya fi ƙarfinka, ku haɗu ku uku ko huɗu a ɗakin malamai ranar da albashi ya shigo, ku saya ku raba. Na ga malamai da ma'aikatan asibiti suna wannan haɗakar, kuma ita ce hanya mafi sauri da ƙaramin mai saye zai sami farashin babba.

Sai dai kasuwa na da nata ramin, kuma ba zan ɓoye maka ba. Mudu ba ɗaya ba ne. Na taɓa tsayawa gaban wani mai awo, shinkafarsa ta fi ta kowa sauƙi a layin. Na karɓi kwanon na kifa shi, sai ga gindinsa an buge shi ya shige ciki, bakin kuma an zagaye an rage. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Na kai awon gida na ɗora a sikeli, arahar da na gani ta tafi, har da ƙari. Allah Ya yi gargaɗi mai tsanani kan tauye mudu a Suratul Muɗaffifina, kuma yawancin masu awonmu mutanen kirki ne, amma bara-gurbi ba a rasa shi. Ka sayi ƙaramin sikeli ka ajiye a gida, ko ka riƙa tafiya da kwanonka. In ka dace da mai gaskiya, ka riƙe shi. Gyaran da zai riƙa yi maka da kayan da zai ware maka sun fi ragin naira ɗari da za ka samu wurin baƙo.

Akwai kayan da ni kaina ba na saye sai a babban kanti, ko da ya fi tsada. Duk abin da rayuwarsa ke hannun sanyi, yogot, bota, cuku, daskararren kaza, ina son in san firjin bai kwana a kashe ba. Ka taɓa ledar kazar: in ka ji ƙanƙara ta dunƙule a gefe guda, ko ka ga ruwan jini ya daskare a ƙasa, ta narke an sake daskarar da ita, ajiye ta. Madarar jarirai, man shafawa, man goge baki da maganin sauro kuma su ne 'yan jabu suka fi kai wa hari, kantin da ke saye kai tsaye daga wakilin kamfani yana ba ka rasit ya fi kwanciyar hankali, don in an sami matsala akwai ƙofar da za ka koma. Man girki ma rana na ɓata shi, wanda ya wuni a bakin titi cikin farar jarka ba ɗaya yake da na inuwa ba. Ga wani abu da mutane ba su lura da shi ba: lokacin da farashi ke tashi kullum, ɗan kasuwa yakan ji labari ta waya da safe ya ƙara kafin azahar, shi kuwa kanti wani lokaci tsohon farashi na manne a jikin tsohon kaya har ya ƙare. A irin wannan mako za ka iya samun madara ko famfas a kanti ƙasa da kasuwa. Kuma ga wanda bai iya tayi ba, ko mai jin kunyar a ce masa albarka, rubutaccen farashi kariya ne.

Arahar da ya kamata ka ji tsoro daban take, kuma a nan karin maganarka ke da gaskiya. Duk inda aka yi maka farashin da ya faɗo ƙasa da na kowa sosai, tambayi kanka me aka datse. In ka duba ka ga ba fenti, ba sanyi, kaya kaɗan, ciniki na gudu, ka ga amsar da idonka. In kuwa ba ka ga abin da aka datse ba, to a jikin kayan yake. Wata shekara wani ya zo mini da tayin madarar gari katan-katan, farashin da ko kamfani ba ya bayarwa. Na fasa katan guda na fito da gwangwani bakin ƙofa inda haske yake. A gindinsa akwai wani wuri da ya fi sauran sheƙi, an goge shi da fetur, sabon kwanan watan da aka buga a kai kuma na murza shi da babban yatsa ya biyo ni. Na mai da masa kayansa. Har yau ina tunanin gidajen da madarar nan ta ƙare a ciki, domin na san bai zubar ba, kuma yara ne za su sha. Saboda haka ka duba lambar NAFDAC, ka duba wa'adi, ka murza shi, ka guji gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa. Kayan da wa'adinsu ya kusa, aka faɗa maka gaskiya aka yi ragi, babu laifi ka saya in za ku cinye kafin ranar. Ka kuma riƙa karanta nauyi, don kamfanoni sun koyi barin farashi yadda yake su rage abin da ke ciki. Ledar na nan da girmanta, giram ɗin ne ya sauka.

Abin da ya fi ci mini rai a harkar nan shi ne mai ƙaramin ƙarfi ya fi kowa sayen tsada. Ga misali da lambobin da na ɗauka don lissafi kawai: a ce ƙullin madara mai giram 20 naira 200 ne, babbar leda mai giram 400 kuma naira 3,200. Ƙulli ashirin ke cika babbar, wato naira 4,000. Wanda ba shi da 3,200 a dunƙule ya biya ƙarin 800 saboda rashin kuɗi. Haka yake a garin sabulu, a mai, a sukari. Ba kullum babba ke fin araha ba, wani lokaci kamfani na juya abin, shi ya sa na ce ka raba kuɗin da nauyi a wayarka kafin ka miƙa hannu. Amma in ka iya fitar da gidanka daga sayen ƙulli ko a kan abu uku kacal, za ka ji sauƙin a ƙarshen wata.

Duk da haka kada ka yanke hulɗa da mai shagon unguwarku. Shi ya fi kowa tsada, gaskiya ne, don a hannu na uku ko na huɗu yake saye. Amma shi ne zai ba yaronka burodi da ganyen shayi ranar ashirin da biyar ga wata ya rubuta a littafi, abin da babu kantin zamanin da zai yi maka. Ka bar masa cinikin burodi, ƙwai da ashana, ka biya bashinsa ranar da ka yi alkawari. Ka kuma sa kuɗin kabu-kabu ko man mashin cikin lissafi: tashi daga Mabera zuwa kasuwa don ragin naira ɗari biyu asara ce, tafiya ɗaya a wata da cikakken jerin abin da za ka saya ita ke biyan kanta. In za ka shiga babban kanti, rubuta abin da ya kai ka, kuma ka bar yara a gida, don alewa da cakulan da ke bakin wurin biyan kuɗi da gangan aka ajiye su daidai tsayinsu.

Farashi na motsi, abin da na gani bara ba lallai ya zama na bana ba, don haka ga aikin da zan ba ka. Samu littafi, ka zauna da uwargida ku rubuta abubuwa goma sha biyar da gidanku ya fi ci. Ja layi uku: dila a kasuwa, babban kanti, shagon unguwa. Ranar Asabar ɗaya ta ishe ka zagayawa. A gaban kowane abu rubuta farashi da nauyi, ka fitar da kuɗin kilo ko lita. Ka sake yin haka kafin azumi da wata guda, tun sukari da gero ba su fara tashi ba. In ka cika shafin farko ka aiko mini in gani, musamman layin man girki da na madara.